Mahauci a Hannun Masu Fiɗa

Shekara talatin da ɗaya ina kwatar Jega.
Kafin rana ta taɓa rumfar masu albasa
na feɗe awaki biyar.
Na san ciki yadda makaho ya san ɗakinsa:
hanta a dama, tumbi ya baje,
saifa can hagu, ta lafe bayan haƙarƙari
kamar baƙuwa mai kunya.
Ita nake yankawa in ba yara gyara.
Ban taɓa sa mata kuɗi ba.

Sai ga tawa ta fara tashina da dare.
Nauyi ƙarƙashin awaza,
loma uku na ƙoshi,
Tumba ta ce tuwonta na raina.
Na sha sabara, na sha jiƙon maɗaci,
wanzami ya kafa mini ƙaho har sau biyu,
nauyin na nan, kamar na haɗiye goruba.

A Birnin Kebbi suka shafa mini mai mai sanyi, suka haska.
Dakta Luba, wadda Nomau nawa ya girme ta,
ta juyo allon, ta nuna da bakin biro:
"Baba Arzika, ƙullutu ne, jakar ruwa a jikin saifa.
Ba daji ba ne, ba ya yaɗo. Wuri kawai ya cika."
Ai na san shi!
Na sha tarar da irinsa a cikin tumaki,
in ɗauke da tsinin wuƙa in jefa wa angulu.
Na ce, to ta ina za ku tsaga, tsaye ko kwance?
Ta ce, "Babu tsaga. Huda huɗu,
kowace kamar kafar makulli."

Na ce, 'yata, da mahauci kike magana.
Wanda bai buɗe ba, me ya gani?
Ta ce akwai ido a bakin sanda, da fitilarsa,
da almakashi siriri kamar tsinken tsire,
amma sai sun fara hura mini iska
cikin ya tashi, hanya ta samu.
Nan bakina ya mutu.
Ni ma haka nake yi:
in ɗan huda ƙafar akuya, in kafa baki in hura
har fata ta saki tsoka ba gardama.
Ashe sana'ar ɗaya ce,
sai dai nata suna tashi su koma gida.

Ranar Talata suka ce in ƙirga.
Na ƙirga kamar cinikin yamma,
a kan bakwai aka rufe kasuwa.

Na farka maƙogwaro a bushe,
kafaɗa na ciwo, kafaɗa, inda ba wanda ya taɓa!
Suka ce iskar ce ke neman hanyar fita.
Na kai hannu ina laluben ɗinki daga ƙirji zuwa mara,
irin wanda ke cikin Gado direba,
na tarar da filasta huɗu, kowace ba ta kai ganyen zogale uku ba.
Na ce, saifar fa?
"Tana nan, Baba. Baƙon muka sallama, mai gida na ciki."

Kwana uku na baro gadon.
Mako shida ba saɓa cinya, ba kayar da sa.
Abokan kwata suka ce in ɗaga riga.
Jabbi ya duƙa, ya duba, ya sake dubawa:
"A kan cizon sauro ka sayar da bijimi?"

Jiya na koma kan wuƙa.
Akuyar farko, na kai hannu hagu,
ga ta, ja-ja, santsi, ɗuminta bai tafi ba.
Ɗan Inno ya miƙo kwano, "Baba, gyara."
Na daɗe tana tafin hannuna.
Sannan na yanko masa hanta.