Gidan da Babu a Takarda

Sun ba ni hula, da biro, da takarda mai gida-gida,
suka ce: Habsu, ke 'yar ƙasa ce, kin san bakin mutane,
bi turakun nan masu jan kai
daga bayan Jiratawa har inda ƙafarki ta gaji,
ƙirga mana abin da bututun mai zai taka.

Na ƙirga.
Gawo goma sha tara.
Kalgo ya fi ƙarfina, na rubuta "da yawa",
Mushe Lawali ya soke, ya ce da yawa ba lamba ba ce.
Rijiya biyu, ɗaya ta ƙafe.
Burtali guda, wanda shanun Joɗi ke bi tun ba a haifi innata ba.

A gonar Nomau Ɗan Baro turke ya faɗa tsakiyar aya.
Tsohon ya taho yana jan ƙafa,
bai kalli motar ba, ni ya gaisar.
Ya ce: ɗiyar wa? Na faɗa.
Ya ce: to, rubuta.
Wannan gawon ba ni na shuka shi ba.
Shekarar da hatsi ya ƙi na tarar da shi, tsiro kamar yatsa,
na kewaye shi da ƙaya, na hana akuya, na hana gatarina.
Yanzu duk damana sai ya tuɓe ganyensa don gero ya ga rana.
Wane mahaluƙi ya taɓa yi mini haka?

Na duba takarda.
Akwai gidan tsawo, akwai gidan kauri, akwai gidan kuɗi.
Na rubuta: gawo, ɗaya, babba.

Da dare a ofis, fanka na tauna iska,
na buɗe kundin da aka aiko daga bakin teku,
can inda bututun zai tsoma baki a ruwa
ya shayar da jirage.
Shafi arba'in a kan kififiyar teku:
daren da take fitowa ta binne ƙwai a yashi,
da hasken fitilun da ke ɓatar da 'ya'yanta.
Ban taɓa ganin teku ba.
Ruwa mafi girma da na sani tafkin Madarunfa ne,
shi ma da rani yakan ja jiki.
Na ji tausayin kififiyar,
na kuma ji ƙyashi:
wani ya kwana a yashi yana jiranta da biro a hannu.

Wa zai kwana a bakin rijiyar Tsahara?
Zurfinta gaba goma sha biyu,
bututu zai wuce taku sittin daga gindinta.
An ce ƙarfen ba ya yoyo.
An ce in ya yi, na'ura za ta ji kafin ƙasa ta ji.
Tsahara ta ce: tulu ma, ranar da aka saye shi ba ya yoyo.
Ta miƙo mini ƙwarya,
ta ce: sha, ki riƙe ɗanɗanon,
bayan shekara goma harshenki ne ma'auni.

Kada a ce ban so aikin ba.
Da kuɗinsa na rufa wa inna ɗaki da kwano,
ƙanena Sanusi na tuƙa motar ruwa a sansaninsu.
Nomau da kansa ya karɓi diyya, ya ƙirga sau biyu,
ya sayi jajayen awaki uku da amalanke.
Shuɗin tawada ya kwana uku a babban yatsansa.

Ranar da injin sara ya zo ban je ba.
An ce minti shida.

A shafin ƙarshe akwai layi uku, an sa "Sauran bayani".
Na daɗe ina kallonsu.
Na rubuta: ruwan rijiyar Tsahara yana da sanyi,
da ɗan ƙanshin yumɓu,
ranar Laraba, sha ɗaya ga wata.

Mushe Lawali ya karanta, ya cire tabarau,
ya ɗauki jan biro,
ya riƙe shi a sama,
sai aka kira la'asar.