Ɗafa-goshi

Ran Lahadi nake ajiye bas,
in hau tudu zuwa gidan tsofaffi na Scarborough,
ɗaki na goma sha ɗaya, mai taga wajen teku.
Iska na kawo ƙarnin kifi da kukan tsuntsayen ruwa.
Mahaifiyata, Enid Thwaite,
shekara talatin da huɗu tana koyar da Latin,
yau cokali take kira mabuɗi.

Ta dube ni sama da ƙasa.
"Desmond, ka yi ƙiba."
Desmond ƙaninta ne, ƙasa ta rufe shi kafin a haife ni.
Na ce, "Na yi," na jawo kujera.

Sai na jefa ƙugiya,
irin wadda take jefa mana a kan teburin abinci
tun haƙorina na gaba bai fito ba:
"Malama, dis."

Ka ga an kunna fitila a gidan da aka yi ƙaura?
Ta miƙe wuya, ta gyara tabarau.
"Disease, rashin sukuni ne kawai,
kafin likitoci su saye shi.
Disaster, tauraro ne ya juya maka baya,
daga bakin Italiyawa muka aro."
Na ce, "Dismal fa?"
Ta daki hannun kujera.
"Ɗan ƙarya! Rigar dangi ya ara ya shigo biki.
Dies mali ne, miyagun ranaku,
ba shi da gado a gidan dis."

Dariya ta sa ta tari.
Na ba ta ruwa, rabi ya zube a bargo.

Oonagh ta shigo da tire,
shayi, magani uku, gasasshen burodi yanka biyu.
Ta raɗa mini, "Jiya ko kalma ba ta ce ba."

"Malama, com."
"Tare," in ji ta. "Com, tare ne.
Compassion, a sha wuya tare.
Comfort, ba laushin matashi ba ne, yaro,
ƙarfafawa ce, fortis, mai ƙarfi."
"Comet?"
"Za ka sake yaudarata?
Wannan Bagirke ne, tauraro mai dogon gashi,
kama da wane ba ta wane."

Teku na ja da baya a hankali,
yana barin kwale-kwale biyu kwance a laka.

Akwai guda da nake tsoro.
Kowane mako ina ɗauko shi in mayar aljihu.
Yau bakina ya riga ni:
"Malama, re."

"Sake," in ji ta. "Ko komawa.
Return. Repeat.
Record, cor zuciya ce,
ka mayar da abu cikin zuciya,
tun kafin a san faifai."
Ta yi shiru, tana lalube a iska da yatsa.
"Recognise.
Ka sake sanin wanda ka taɓa sani."

Na tsaya cak.
Na cire hula don ta ga goshina,
tabon da na samu a kan kekenta, ita ta wanke jinin.
Ta kalle ni, ta daɗe,
kallon mai neman layi a shafin da ruwa ya jiƙa.

"Kai ne mai gyaran tagar?"

Na ce, "Lionel ne."
"Suna mai kyau. Ɗan zaki ke nan."

Sai ta ɗauki burodin, hannu na rawa,
ta raba shi, ba daidai ba,
ta miƙo mini babban.
"Mun manta ɗaya a gidan com.
Companion. Panis, burodi.
Wanda kuka ci tare.
Ci mana, ya huce."

Na ci.
Babu man shanu a gefena, ya ƙone ta ƙasa.

Gobe da asuba ina kan hanyar Whitby,
fasinja tara, hazo har gwiwa.
Akwai ɓarɓashi a aljihun rigata,
ban karkaɗe ba.