Turaren Direba

Daga Tudun Hatsi muke lodin riɗi,
buhu ɗari shida, a ɗaure cikin tamfol,
Gidado a sitiyari, ni yaron mota a gefensa,
kwana uku kafin mu ji ƙarnin teku.

A bakin tashar jiragen ruwa ba a tafiya,
jira ake yi.
Tirela bayan tirela, kamar jerin gwano,
inji a kunne dare da rana,
kowa na tsoron ya kashe ta ƙi tashi.
Hayaƙi ya shiga shinkafar mai abinci,
ya shiga bargo, ya kwanta a kan ruwan alwala.
In ka fyace hanci, sai ka ga gindin tukunya.

Gidado dariya yake yi:
"Turaren direba ke nan, yaro."
Shekara ashirin da biyu yana shaƙar turarensa.

Wata Laraba na gan ta ta cikin shinge,
tana jan kwantena, ba ruri, ba salansa,
ba ɗigon baƙin mai a bayanta,
sai shuuu ɗin taya a kan siminti.
Na ce, "Maigida, dubi, a mace take tafiya!"
Wani mai hular kwano ya ce lantarki take sha,
a jona ta da dare kamar wayar hannu.
Gidado ya furzar da goro:
"Motar da ba ta tari,
ta ina za ka gane ciwonta?"

Yau ga shi a kan tabarma a Bolari,
ƙirjinsa na kuka kamar injin da ya sha ruwa.
Da likita ya ɗaga hoton ga haske,
layin nan na bakin teku na gani a ciki,
ko taku ɗaya bai matsa ba.

Ni ke jan motar yanzu.
Na san halin wutar unguwarmu,
ta zo da asuba, ta tafi shayi bai tafasa ba.
Ba na yaudarar kaina.

Amma jiya ya yafito ni, murya can ƙasa:
"Bappa, waccan bebiyar...
nawa suke sayar da ita?"
Ban sani ba. Na ce zan tambayo.
Ya juya ga bango, ya ce in ja taga,
wata tirela na ɗumama inji a bakin titi.