Kwana Casa'in

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso,
jiragen ruwa na nishi a tasha,
ni kuwa maganin hawan jinin mahaifiyata nake nema
a manhajar kamfanin da ke kawo mana har ƙofa.
Yatsa ya zame. Bakwai ta koma takwas
a wutsiyar lambar da ke saman shafi.
Sai ga wani suna, ba namu ba.

Evaristo Quilodrán,
mai kifi a gindin tudunmu,
wanda ke yi mini gyara in ya ga na rame.
Ga gidansa, ga shekarunsa,
ga ƙwayar da yake haɗiya kowace safiya,
ga ciwon da nake zaton ko 'yarsa bai faɗa wa ba.

Na janye hannu kamar na dafa garwashi.
Na gwada tara, don in tabbata ba gizo idona ke yi ba.
Tara ma ta buɗe.
Nan na tsaya. Goma ba rabona ba ce.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
To ni mai wucewa ce da ta hangi tsaga,
kafin gari ya waye na rubuta wa masu bango:

"Ga inda ƙofarku ba ta kullu ba.
Taki uku ne, ku bi sawuna ku gani.
Shafi biyu na leƙa, ban kwafi komai ba.
Zan kama bakina kwana casa'in. Ku gyara.
Ximena Arancibia, mai gyaran kwamfuta."

Shiru.
Hazon teku ya hau tudu, ya sauka, ya sake hawa.
Rana ta goma sha tara lauyansu ya amsa
da kalmomi masu ƙaho: kutse, kotu, diyya.
Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune.
Na ce wa takardar:
gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Baltasar, da muka yi makaranta tare,
ya ce, "Tona su, duniya ta sani.
Ko kuwa na san mai saye,
kuɗin hayarki na shekara biyu, babu tambaya."
Rufin ɗakinmu na yoyo cikin tukunya.
Ba zan yi ƙarya ba, na yi lissafi,
na kwana ina juya shi kamar ƙashin kifi a maƙogwaro.
Amma asirin wa za a sayar?
Kamfani zai sake fenti ya ci gaba da ciniki.
Evaristo ne za a tuɓe a kasuwa.

Rana ta arba'in da huɗu waya ta yi ƙara.
Muryar mace, a gajiye, tana tauna wani abu.
"Sunana Maite Huenchullán, ni ke tsaron gidan nan.
Wasiƙarki ta ɓata a akwatin 'yan talla.
Manta da lauya. Nuna mini."
Na nuna.
Ta yi shiru har na ji ƙarar fankar injinta,
sannan ta yi wata ashar a hankali, ba da ni ba.

Rana ta sittin da ɗaya
na mai da bakwai takwas da gangan.
Allo ya ce: ba ki da izini.
Ban taɓa jin daɗin kora irin wannan ba.

Ba su ba ni ko sisi ba.
Kofin shayi suka aiko, da tambarinsu a jiki,
suka kuma buɗe wani adireshi
don mai wucewa na gaba ya san inda zai ƙwanƙwasa.
Kofin yana ƙarƙashin yoyo yanzu, yana aiki.

Jiya na sauka sayen kifi.
Evaristo ya naɗe mini uku, ya ɗora na huɗu,
hannunsa na ɗan rawa a kan takarda.
Na san dalili.
Na kalli teku, na tambaye shi farashin gobe.

Na kamfani kwana casa'in ne, ya ƙare.
Wannan kuwa ba shi da ranar ƙarewa.