Na Bakwai Daga Ƙofa

Da na gaji gidan Baba a Dogon Dutse
na ce a ɓamɓare daɓen nan, a shimfiɗa tayil.
Kowa a layinmu ya yi.
Katakon ya yi baƙi kamar gindin tukunya,
nan ya kumbura, can ya wage baki.

Aka kira mini Baba Davou.
Ya zo da zarto naɗe cikin tsohon buhu,
fensir a bayan kunne, hular sanyi har gira.
Bai gama amsa gaisuwata ba ya tuɓe takalmi,
ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa da ƙashin yatsa
kamar mai zaɓen kankana a Farin Gada.

Ya ce, "Maɗaci ne, tun zamanin kuza.
Zagaye Kasuwar Katako da kuɗinka a hannu,
ba ka samun ko ƙanensa.
Na yanzu ɗanye ake yankowa,
yana hawaye a bayan mota,
ya zo ɗakinka ya karkace.
Wa ke wanke shi da bokiti?"

Na dubi silin. Ni ne.

"Itace ya sha ruwansa tun yana daji,
wanda ka ƙara masa yanzu cuta ne.
Matse tsumma har hannunka ya yi zafi,
ka bi jijiyarsa inda ta nufa, kada ka gitta.
Yashin da takalmi ke kwasowa daga waje
ya fi gara ɓarna, shi ba ya hutu.
Sa tabarma a bakin ƙofa.
Ƙafar kujera, ɗaura mata ƙyalle.
In ruwan Agusta ya kwana uku yana zuba,
da ya sarara buɗe taga, ɗaki ma yana numfashi.
Wannan tsagar kuwa, kul ka cusa mata siminti.
Da rani take buɗewa, da damina ta rufe bakinta,
ta fi wasu manya sanin lokacin magana."

Kwana tara yana rarrafe a falon.
Wajen taga, inda gara ta ci ta ƙarƙashi,
ya yanke huɗu, ya kawo madadinsu
daga wata tsohuwar ƙofa da ya ɓoye a Bukur,
ya jera su har na kasa nuna wurin.
Garin zarto da gam ya kwaɓa, ya toshe ramukan ƙusa.
Sanfefa mai kaushi, sannan mai laushi,
jan gari ya rina masa furfura.
Sai kakin zuma, shafa ɗaya,
ya ce a bar shi ya kwana, ko mage kada ta shiga.
Da safe hasken taga ya kwanta a kai,
ga jan da rabona da shi tun ina tatata.

Ranar sallama na taka na bakwai daga ƙofa.
Ƙiiƙ.
Na ce, "Baba, ka manta wannan. Ƙusa biyu ce kawai."

Bai ɗago daga ɗaurin buhunsa ba.
"Ban manta ba.
Shekarar da ka fara gemu, ka fara kai ƙarfe ɗaya a waje,
Alhaji Jatau ya kira ni na zare su.
Ya ce ba zai tambaye ka ina ka je ba.
So yake dai ya ji ka shigo
kafin ya runtsa."

Ina tsaye a kai, ban ɗaga ƙafa ba.
Na ga kaina ina sanɗa, takalmi a hannu,
sanyin Jos a haƙorana,
ina tsine wa katakon nan a zuci,
sai tari ɗaya daga ɗakin can,
sai fitila ta mutu.

Ya ce, "In kana so, ga guduma."

Ɗana Mudi bana muryarsa ta fara fashewa.
Na ce ya mayar da ita buhu.

Kwalin tayil biyun da na saya don gwaji
suna bayan gida har yau.
Kaji ke kwana a kai.