Asubarsu, Isha'inmu

Tsahara ta kira bayan isha'i.
Wuta ta ɗauke, zafin bazara ya koro kowa tsakar gida.
Ta ce, "Yaya, duba, nan asuba ce."
A tafin hannuna na ga Ostareliya:
mutane tsaye cikin duhu, sun dunƙule don sanyi,
ba mai tari, ba mai waiwaye.
Wani ya busa ƙaho a hankali
kamar mai tsoron tada jariri,
sai shiru,
shirun da ya yi tsawo har na ɗauka layi ne ya yanke.

Ta ce a irin wannan sa'a jirage suka zube samarinsu
bakin wani teku da ba nasu ba,
don sarkin da bai san sunan ko ɗayansu ba.
Ba su ci nasara a wurin ba.
Amma daga wannan faɗuwa, in ji su, suka miƙe suka zama ƙasa.
Na ga yarinya da ba ta kai Nanata tsawo ba,
lambobin kakan kakanta sun rinjayi rigarta gefe guda.

Na ajiye waya, na laluba ƙarƙashin keken ɗinki.
Gwangwanin madara na nan.
Maɓallai, tsatsattsun allurai, alli guntu,
can ƙasa, lambobi biyu na Baba Nomau,
zarensu ya koɗe ya koma kalar ƙasa.

Shi ma jirgi ya zube shi.
Daga gonar gero aka ɗauke shi, bai gama maimai ba,
mai gari ya nuna shi da sanda, shi ke nan.
Ya ga teku kafin ya taɓa ganin kogi.
Ya dawo da yatsun ƙafa takwas, sanyi ya ci biyu,
da Faransanci na zagi da na umarni,
da tari mai tashi kafin ladan.
Ya zauna Tudun Jamus,
sunan da ke ba shi dariya har tarin ya tare shi.
Duk wata uku ya sa hula ya tafi karɓar kuɗinsa,
ya dawo da goro da sukari,
da fushin da ba ya gaya wa kowa.

Ba mu tambaye shi ba.
Mu yara ne, ƙafar kawai muke leƙe in yana alwala.

Wa zai busa masa ƙaho?
Ƙasar da ya yi wa yaƙi ta naɗe tutarta ta tafi,
wadda ta haife shi, lokacin ba a raɗa mata tuta ba.
Ya faɗa tsakanin biyu
kamar guga da igiya ta tsinke.
Kabarinsa ba rubutu, haka muke yi,
iska ta daidaita shi da na maƙwabtansa.
Inna na toya masa ranar Juma'a, ta raba wa yara,
ta ce Allah ya kai haske.
Wannan ma tunawa ce, ban raina ba,
sai dai masa ba ta faɗin inda yatsun suka tsaya.

Ban yi barci ba.
Da asubarmu ta zo, tasu ta riga ta zama la'asar.
Na ɗauki jarkoki, na tashi Nana, muka bi layin famfo.
Duwatsun Damagaram na tsaye cikin duhu,
su ma ba mai tari, ba mai waiwaye.
Na maƙala mata lamba ɗaya, allurar ta soke ni.

Ta ce, "Baba, na wane ne?"
Na ce, "Nomau ɗan Gonda. Maimaita."
Ta maimaita.
Matar da ke gabanmu ta juyo da bokitinta,
ta daɗe tana duban ƙirjin yarinyar,
ta ce, "Mu ma akwai irinta a gidanmu.
Ban san inda aka sa ta ba."

Famfo ya yi tari sau biyu,
ruwa ya zo.