Mai Gishiri, Miya Lami

Shekara arba'in da ɗaya ina noman gishiri a Aveiro,
inda teku ke shigowa fadama ba sallama,
mu tare shi a fangali, rana ta shanye ruwan,
ta bar mana farin da ke kashe ido.
Ubana ya ja manjagara a nan, ubansa ma haka.
Fason da ke dugadugaina, gishiri ne ya rubuta shi.

Wata Talata, ina ɗauke da kwando a ka,
ƙeyata ta sara, kunnena ya ɗau ƙugi,
tulin gishiri ɗaya ya koma min biyu.
Na zauna a gaɓa, na ce rana ce.
Idalina ta ce, "Ba yau rana ta fara dukanka ba. Tashi."

Likita Graciete, wadda na sani tun tana tsallen igiya,
ta ɗaure min dantse, ta matsa iska,
ta dubi allo, ta dube ni, ta sake matsawa.
Ɗari da tamanin a kan ɗari da biyar.
"Baba Anselmo, hawan jini ne. Ka rage gishiri."
Na yi dariya har mai jinya ta leƙo.
Kamar a ce wa kifi ya rage wanka!

Ita ko murmushi.
Ta ce ɓarawo ne mai sanɗa, ba ya ƙwanƙwasa ƙofa,
sai dai a wayi gari
a tarar ya ɗauke rabin jiki ya bar rabi.
Na tuna Baltazar, maƙwabcin fangalina,
da bakinsa ya karkace daren Kirsimeti,
har yau cokali sai an riƙe masa.
Dariyar ta maƙale min a wuya.

Yanzu da safe ƙwaya ɗaya ce, fara, 'yar mitsitsiya,
sai zaman shiru na minti biyar
kafin na'ura ta cafki hannuna.
Idalina ta rubuta lambar a bayan kalanda,
gefen lokutan cikar teku da janyewarsa.
Ashe ni ma ina da nawa tekun a ciki,
yana hawa, yana sauka.
Shi ba ruwansa da wata,
abin da na ci yake bi, da abin da na sa a rai.

Busasshen kifin da muke jiƙawa kwana guda a da,
yanzu kwana uku yake a ruwa, ana sauyawa,
har ya manta daga inda ya fito.
Makon farko na ture kwano, na ce miyar marasa lafiya ce.
Idalina ta ce, "To, ai ba ta yi ɓatan hanya ba."
Ta ƙara tafarnuwa, lemun tsami, man zaitun.
A wata na biyu harshena ya farka:
ashe dankali yana da ɗanɗanon kansa,
shekara sittin ina binne shi da hannuna.

Ba zan ƙara gishiri a zancena ba, ko nan ɗin an hana ni.
Ran bikin jikata na laɓe bayan ƙofa
na cinye yankan cuku uku da zaitun na kwalba.
Washegari na'ura ta tona min asiri.
Idalina ta ɗauko jan biro ta rubuta,
ba ta ce uffan ba.
Da faɗa ta yi, da ya fi min sauƙi.

Da yamma nakan taka har gadar katako in dawo,
tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna bi na da kallo.
Baƙi 'yan buɗe ido su tsaya sayen gishirina,
in ƙulla musu a ƙaramin buhu,
in ce, "Abin da yatsa biyu suka ɗebo ya isa."
Su yi dariya, a zatonsu salon ciniki ne.

Jiya ɗari da talatin a kan tamanin.
Da baƙin biro ta rubuta.
Ta mayar da kalanda kan ƙusa,
ta ce in je in rufe tulin,
hadari ya haɗo daga yamma,
gishiri kuwa ba ya shiri da ruwa.